Yaushe Ake Gane Ko Sabon Fim Ya Cancanci Kallo?

Yawancin masu tambayar ko sabon fim ya cancanci kallo suna yin tambayar ne tun fim ɗin bai fito ba, wato a lokacin da babu wanda ya gan shi sai waɗanda suka shirya shi da waɗanda suka zuba dukiyarsu a ciki. Duk abin da ke isa kunnen mai kallo a wannan lokaci, kama daga tallan da ake saki a YouTube, zuwa hirarrakin jarumai, zuwa labarin yawan tikitin da aka saya tun kafin ranar fita, daga hannun mai sayarwa ya fito, kuma ba a taɓa jin mai haja ya kushe hajarsa ba. Idan fim ɗin ya fito kuma, sai alƙaluma su yi wa mutum rubdugu: kashi kaza cikin ɗari a wannan shafi, maki kaza a wancan, dala miliyan kaza a ƙarshen makon farko. Kowane ɗaya daga cikinsu akwai tambayar da yake amsawa, sai dai kaɗan ne a cikinsu ke amsa ainihin tambayar mai kallo, wadda ita ce ko awa biyu ko ukun da zai ɓata za su biya shi.

Kafin a fahimci dalilin hayaniyar da ke gabatar kowane babban fim, sai an dubi lissafin kuɗin da ke bayanta. Babban fim na Hollywood a yau yana iya cin dala miliyan 200 wajen shiryawa, sannan a kashe wata miliyan 100 ko fiye wajen tallata shi, gidajen sinima kuma su riƙe kusan rabin kuɗin tikiti. Shi ya sa masu bibiyar harkar ke da ƙiyasin cewa sai fim ya tara kimanin ninki biyu da rabi na kasafinsa kafin a fara maganar riba. Kamfanin da ya ɗauki irin wannan nauyi ba zai iya zaman jiran labari ya yaɗu sannu a hankali daga bakin 'yan kallo ba. Burinsa a cika kujeru a kwana ukun farko, kafin wanda ya gani ya gaya wa wanda bai gani ba. Hanya mafi sauƙi ta cika kujeru kuwa ita ce sayar wa mutane sunan da suka riga suka sani. A cikin finafinai goma da suka fi tara kuɗi a duniya a 2024, tara ci gaba ne ko share fage na labaran da aka riga aka yi, na goman kuma, wato Wicked, daga sanannen wasan dandamali aka ɗauko shi.

Wannan bai isa hujjar yin watsi da kashi na biyu ko na uku na kowane fim ba. Top Gun: Maverick ya fito a 2022, shekara 36 bayan na farko, kuma masu sharhi da 'yan kallo sun haɗu a kan yaba masa, har ya tara kusan dala biliyan ɗaya da rabi. Abin da sanannen suna ke tabbatarwa shi ne za a taru a ranar farko, amma bai ce komai ba game da abin da za a tarar a ciki. Misalin da ya fi fito da wannan fili shi ne na Joker. Na farkon, wanda ya fito a 2019, an shirya shi da kuɗin da bai kai dala miliyan 100 ba, ya lashe babbar kyautar bikin finafinai na Venice, ya tara sama da dala biliyan ɗaya, jaruminsa Joaquin Phoenix kuma ya karɓi kyautar Oscar. Na biyun ya zo a watan Oktoban 2024 da darakta da jarumin na farkon, da ƙarin Lady Gaga, da kasafin da ya kai kimanin dala miliyan 200. A takarda babu abin da ya rasa. An ma tafa masa fiye da minti goma a Venice. Amma da 'yan kallo suka shiga, sai suka tarar da fim mai yawan waƙe-waƙe da dogon zaman kotu, abin da tallansa bai fito ya faɗa ba, kuma duk abin da ya tara a duniya bai wuce kuɗin shirya shi da wani abin kirki ba.

Wannan ya kawo mu ga tallan fim, wanda shi ne abin da mafi yawan mutane ke dogara da shi. Sau da yawa ba daraktan fim ne ke haɗa tallan ba. Akwai kamfanoni na musamman da sana'arsu ke nan, a miƙa musu hotunan da aka ɗauka, wani lokaci tun ba a kammala tace fim ɗin ba, su tsamo minti biyu mafi ɗaukar ido, su ɗora kiɗan da wataƙila babu shi a cikin fim ɗin, su jera fitowar yadda za ta fi tayar da tsikar jiki. Har kotu an je a kan wannan. A 2022 wasu mutum biyu a Amurka sun kai kamfanin Universal ƙara saboda sun biya kuɗin kallon fim ɗin Yesterday don sun ga jaruma Ana de Armas a tallansa, suka tarar an cire ta gaba ɗaya daga fim ɗin. Alƙalin ya yarda cewa tallan fim talla ne kamar na kowace haja, don haka dokar hana yaudarar mai saye tana iya hawa kansa, ko da yake daga baya an yi watsi da mafi yawan buƙatun masu ƙarar. Abin da talla zai iya nunawa da gaske shi ne kamannin fim, da launinsa, da irin yanayin da ake son mai kallo ya shiga. Ba zai iya nuna ko labarin ya riƙe kansa har ƙarshe ba, ko kuwa a tsakiya ya yi sanyi, alhali a nan ne mafi yawan finafinai ke faɗuwa.

Tafin da ake ƙirgawa da minti a bukukuwan Cannes da Venice ba shi da wani nauyi, domin ɗakin cike yake da waɗanda suka yi aikin da abokansu, ga kuma jaruman a tsaye ana haska su da kyamara. Haka ma gajerun yabon da ke cika kafafen sada zumunta bayan nunin farko, waɗanda akasari daga bakin mutanen da kamfani ya zaɓa ya gayyata suke fitowa. Akwai dai alama ɗaya a wannan mataki da ta cancanci lura, ita ce ranar da kamfani ya yarda masu sharhi su wallafa cikakken ra'ayinsu. Kamfanin da ya amince da fim ɗinsa yakan sake su mako ɗaya ko biyu kafin fita, don yabonsu ya zama ƙarin talla. Idan aka ga an ɗaure bakinsu har sai ana gobe za a fita, ko an hana su gani gaba ɗaya, to sau da yawa akwai lauje cikin naɗi, sai fa in labarin yana ɗauke da wani sirri da ake gudun ya fasu.

Idan sharhi ya fito, inda mafi yawan mutane ke fara leƙawa shi ne Rotten Tomatoes, shafin da aka kafa a 1998, kuma a nan ne aka fi yin kuskuren fahimta. Kason da shafin ke nunawa ba makin ingancin fim ba ne. Abin da yake ƙirgawa shi ne masu sharhi nawa cikin ɗari suka ce fim ɗin ya fi ƙarfin a kushe shi, ko da da ƙyar ya tsallake. A ɗauka masu sharhi ɗari sun kalli wani fim, kowannensu ya ce ba laifi, ya ba shi shida cikin goma. Wannan fim zai fito da kashi 100. A ɗauka kuma wani fim ɗin mutum 60 sun ce ba su taɓa ganin irinsa ba, 40 kuma sun tsane shi. Wannan zai tsaya a kashi 60, wato daidai bakin iyakar da shafin ya sa tsakanin mai kyau da ruɓaɓɓe. Tsarin yana fifita fim ɗin da bai ɓata wa kowa rai ba a kan wanda ya yi ƙarfin halin gwada sabon abu, alhali na biyun ne aka fi tunawa bayan shekaru. Shafin Metacritic ya ɗan fi shi a wannan fanni, domin yana haɗa ainihin makin da kowane mai sharhi ya bayar ya fitar da matsakaici, amma masu sharhin da yake ɗauka ba su da yawa, kuma bai bayyana nauyin da yake bai wa kowannensu ba. Ya kuma kamata a sani cewa tun 2016 Rotten Tomatoes yana hannun Fandango, kamfanin da sana'arsa sayar da tikitin sinima ce. Wannan bai nuna ana murɗe alƙaluma ba, amma mai karatu ya san a gidan wa yake zaune.

Makin 'yan kallo kuma yana da tasa cutar. A shafuka irin su IMDb, inda kowa ke iya ba da maki daga ɗaya zuwa goma, an sha ganin gungun mutane sun yi gangami sun zuba wa fim maki ɗaya saboda haushin wani jarumi ko wata aƙida, ko kuma masoya su zuba masa goma tun ba su gan shi ba. Irin wannan ne ya sa Rotten Tomatoes a 2019 ya rufe damar yin tsokaci kafin fitar fim, sannan ya fara ware ra'ayin waɗanda aka tabbatar sun sayi tikiti. Wanda zai duba irin waɗannan shafuka, ya fi masa amfani ya buɗe jadawalin rabon makin. Idan ya ga an cunkushe a ɗaya da goma, tsakiya kuma wayam, to rigima ake yi, ba sharhi ba.

Akwai kuma CinemaScore, wani kamfani na Las Vegas da tun ƙarshen shekarun 1970 yake raba katin jin ra'ayi ga masu fitowa daga sinima a daren farko a wasu biranen Amurka da Kanada, ya fitar da sakamako daga A+ zuwa F. Masu harkar suna girmama shi ƙwarai, domin waɗanda ake tambaya sun biya kuɗi kuma sun kalla. Sai dai abin da yake aunawa shi ne ko fim ya ba su abin da talla ya yi musu alkawari. Masu zuwa daren farko masoya ne, shi ya sa babban fim da ya samu B ma ana ɗaukar sa a matsayin mai matsala, D ɗin da Joker na biyu ya samu kuwa tamkar hukuncin kisa ne. A ɗaya ɓangaren, fim ɗin ban tsoro Hereditary na 2018 ya samu D+ daga 'yan kallon daren farko, alhali masu sharhi kusan tara cikin goma sun yaba masa, kuma yau ana lissafa shi cikin fitattun irinsa. Waɗanda suka je neman abin da zai sa su zabura daga kujera sun tarar da labarin baƙin cikin iyali mai tafiya a hankali, suka huce haushinsu a kan kati.

A ganina, a cikin duk alƙaluman nan babu wanda ya kai na mako na biyu gaskiya. Kuɗin makon farko talla ne ya kawo shi, na mako na biyu kuwa bakin waɗanda suka kalla ne ya kawo shi, kuma wannan ba a saye da kuɗi. Cinikin babban fim yakan sauka da kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari a ƙarshen mako na biyu, wannan ba abin damuwa ba ne. Joker na biyu ya sauka da kashi 81 a Amurka. Sinners na Ryan Coogler, wanda ya fito a watan Afrilun 2025 da sabon labari da ba a jingina shi da wani tsohon suna ba, ya buɗe da kimanin dala miliyan 48, a mako na biyu saukarsa ba ta kai kashi 10 ba, daga ƙarshe ya tara sama da miliyan 360 a duniya. A Indiya ma an ga irin haka da 12th Fail, ƙaramin fim na 2023 a kan wani ɗan talaka mai fafutukar cin jarrabawar shiga aikin gwamnati, wanda ya fara a hankali ba tare da wata hayaniya ba, ya daɗe a sinima saboda kowa na turo ɗan'uwansa, har ya ninka kuɗin shirya shi fiye da sau uku. Wanda ya iya haƙurin kwana goma bayan fitar fim zai samu amsar da babu wani talla da zai ba shi.

Duk da haka, cinikin tikiti yana nuna abin da ya karɓu ne, kuma akwai finafinai masu daraja da ba su karɓu a lokacinsu ba. The Shawshank Redemption ya fito a 1994 bai ko mayar da kasafinsa na dala miliyan 25 ba a zagayen farko, bai kuma ci ko ɗaya daga cikin kyaututtukan Oscar bakwai da aka sa shi takara ba, amma ya shafe shekaru yana saman jerin IMDb na finafinan da 'yan kallo suka fi ba wa maki. Yawan kuɗin da aka kashe ma ba ya auna komai, kuma shekarun nan sun nuna haka ƙarara. Godzilla Minus One na Japan, wanda kasafinsa bai wuce dala miliyan 15 ba, da ma'aikatan siddabarun kwamfuta 35 kacal, shi ya karɓi Oscar ta wannan fanni a 2024 a gaban finafinan da suka ninka shi kuɗi fiye da sau goma. A 2025 Flow, fim ɗin zane daga Latbiya wanda babu magana ko ɗaya a cikinsa, kuma da manhajar Blender ta kyauta aka haɗa shi, ya doke Inside Out 2, wanda ya tara kusan dala biliyan 1.7, a takarar Oscar ta fim ɗin zane. A daren ne kuma Anora, mai kasafin kimanin dala miliyan shida, ya kwashi kyaututtuka biyar har da ta gwarzon fim. Mai cewa an daina yin finafinai masu kyau, yawanci allon manyan tallace-tallace kaɗai yake kallo.

Finafinan da ke fita kai tsaye a manhajojin kallo sun fi wuyar aunawa, domin babu tikiti, babu mako na biyu, kuma kamfanin ne da kansa ke faɗin yawan masu kallo. Akwai lokacin da Netflix ke ƙirga duk wanda ya kalli minti biyu a matsayin mai kallo. Tun 2023 kuma yana raba jimillar awannin da aka kalla ne da tsawon fim ɗin. Jerin goman farko da ke bayyana a fuskar manhaja yana nuna abin da aka fi dannawa, wanda sau da yawa shi ne abin da manhajar ta fi turowa gaba. Sauƙin da ke nan shi ne asarar ba ta da yawa, tunda mutum na iya kashewa bayan minti ashirin.

Tambayar ma a yanzu ta rabu biyu, domin cancantar kallo daban, cancantar zuwa sinima daban. Kafin annobar korona, fim yakan yi kimanin kwana 90 a sinima kafin ya isa gida. A watan Yulin 2020 Universal da kamfanin gidajen sinima na AMC suka yi yarjejeniyar da ta ba da damar rage wa'adin zuwa kwana 17, bayan haka kwana 45 ya zama ruwan dare a wurin sauran kamfanoni. Ke nan wanda ya jira bai yi asarar komai ba sai 'yan makonni. Fim ɗin barkwanci ko na zaman iyali ba ya rasa wani abu a ƙaramin allo. Wanda aka gina shi a kan girman hoto da ƙarfin sauti kuwa, irin Dune kashi na biyu ko Oppenheimer, wanda aka bar shi wata huɗu a sinima kafin a sake shi zuwa gida, rabin abin da aka shirya ne kawai ke isa ga mai kallonsa a waya.

Game da finafinan da ba su fito ba tukuna, shaida ɗaya ce ke hannun mai kallo, ita ce tarihin waɗanda ke bayan kyamara. Sunan jarumi ya fi jan ido, amma jarumi yana iya fitowa a finafinai uku a shekara, ɗaya mai kyau biyu na neman kuɗi, alhali darakta da marubucin labari sukan shafe shekara biyu ko uku a kan aiki guda, don haka ayyukansu na baya sun fi nuna abin da ke tafe. Ɗage ranar fita kuma sai an duba dalilinsa. Yajin aikin marubuta na kwana 148 da na 'yan wasa na kwana 118 a 2023 sun tura finafinai da dama gaba ba don wani aibu nasu ba. Dune kashi na biyu ya tashi daga Nuwamban 2023 zuwa Maris na 2024, ya kuma fito lafiya lau. Sonic the Hedgehog ma an ɗage shi daga ƙarshen 2019 zuwa Fabrairun 2020 don a sake zana jarumin bayan jama'a sun yi tir da tallan farko, gyaran kuma ya amfane shi. Abin da ke sa a ɗaga gira shi ne fim ɗin da aka sauya masa darakta a tsakiyar aiki, ko aka koma aka sake ɗaukar babban ɓangarensa bayan gwajin nuni, ko aka jera sunayen marubuta biyar ko shida, wanda yawanci ke nuna an yi ta yi wa labarin faci.

Ko tarihin darakta ma yana da iyaka. A watan Yulin 2025 aka fara sayar da tikitin wasu manyan allunan IMAX na The Odyssey, fim ɗin Christopher Nolan da aka sa wa ranar 17 ga Yulin 2026, wato shekara guda cur kafin fitarsa, kuma cikin ɗan lokaci kujerun suka ƙare. Masu sayen sun dogara ne da Oppenheimer, fim ɗin Nolan na baya wanda ya ci Oscar bakwai, kuma dogaron nasu yana da tushe. Amma Nolan ɗin nan shi ya yi Tenet a 2020, wanda ya raba kan masoyansa, wasu ma suka fito suna ƙorafin ba su ji rabin maganganun jarumai ba saboda ƙarar kiɗa. Tikitin da aka saya shekara guda kafin fita ya nuna yawan amanar da mutum ɗaya ya tara a wurin 'yan kallo, kuma kamfanin ya samu labarin da jaridu suka yaɗa masa kyauta, a lokacin da ba a ma gama ɗaukar fim ɗin ba.